Nonon da Tabawa Ta Ƙi Yafewa

To, ku ajiye hirar nan ku juyo, yau na zo muku da wadda za ku yi ta musu a kanta har a kira magariba. Ba ta dariya ba ce, mai neman abin dariya ya tashi tun yanzu, ba zan ji haushi ba. Kai kuma Ɗanjuma, na san ka da katse mutum. Ka riƙe bakinka sai na dire, sannan ka amayar da duk abin da ke cikinka.

A Tungar Maɗaci an yi wata mata, Tabawa mai daddawa. Mijinta ya rasu da daɗewa ya bar ta da 'ya'ya uku, da kalwa da tukunya ta raine su. Babban shi ne Sallau, manomin albasa a fadama, yana zaune da iyalinsa a gidan uban tare da ita. Ɗan fari ne, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce “wancan”, kuma ba sa zama tabarma ɗaya. Mai bi masa Hansai, tana aure a unguwar gaba, ita ce abokiyar sirrin uwar. Autan kuwa Tanimu, yana birni yana tura gadon marasa lafiya a wani babban asibiti, a can ya tsinci ɗan Turancinsa. Shi ne ɗan lele, shi kaɗai ke iya sa Tabawa dariya har ta riƙe ciki. Ita kuwa mace ce mai magana ɗaya, in ta ce a'a, ko dagaci ne ya aiko a'a ɗin ce.

Tabawa tana da yaya, Dela, wadda ciwon daji ya kama a nono. Dela ta ɓoye shi shekara biyu, sai da wari ya hana shiga ɗakinta aka ɗauke ta zuwa asibiti. Aka yi mata aiki, ta dawo gida, wata biyu ta rasu. Tabawa ce ta yi jinyarta, ita ke wanke mikin safe da yamma, ita ta rufe mata ido. Ni da ku mun san abin da ya kashe Dela, jinkiri ne, an kai ta bayan cutar ta gama cin jiki. Amma mutanen garin cewa suke daji ba ya son ƙarfe, da allura ko aska ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Tabawa ta ji wannan magana tun tana yarinya, yanzu kuma a ganinta ta gani da idonta.

Ranar sadakar uku, bayan masu gaisuwa sun watse, ta tara 'ya'yanta a tsakar gida. Ta dafa ƙirjinta da hannun dama ta ce, “In Allah ya jarrabe ni da irin ciwon Dela, ku bar ni in mutu a ɗakina, a binne ni da jikina cikakke. Duk wanda ya yi sanadin ƙarfe ya taɓa ni a cikinku, ban yafe masa nonon da ya sha ba, duniya da lahira.”

Ba sai na faɗa muku nauyin wannan magana ba. Wanda uwarsa ta yi wa wannan baki, a garinmu ba a ba shi aure, ba a haɗa hannu da shi a sana'a, shi kansa ba ya ƙara barci mai daɗi. Su ukun suka sunkuyar da kai, kowa yana roƙon Allah kada ranar ta zo.

Shekara shida tsakani ta zo. Hansai ta je yi wa uwar kitso, ta lura tsohuwar ba ta son ɗaga hannun hagu, kuma ana tsananin zafi tana fama da mayafi. Tana juya mata kai zane ya zame, sai ta ga kan nonon hagu ya shige ciki, gefensa kuma ga ƙullutu kamar ƙwan zabuwa. Kafin ta buɗe baki Tabawa ta damƙe mata wuyan hannu ta ce, “Abin da kika gani amana ne tsakanina da ke. Ko mijinki kada ya ji.”

Hansai ta riƙe amanar kwana arba'in. Ita ke zuwa daji saro sassaƙe, ita ke dakawa, ita ke shafa wa uwar, kullum tana auna ƙullutun da yatsunta tana jin yana ƙaruwa. Ta rame, ta ƙona tuwo ya fi a ƙirga, har mijinta ya fara tambayar ko wani abu ya yi mata. Ta san in ta yi shiru za ta wanke mikin uwarta kamar yadda uwar ta wanke na Dela, ta kuma san abin da ke jiran ta in ta yi magana. Ranar da ta ga ɗigon jini a rigar tsohuwar, ba ta koma gidanta ba. Ta miƙe fadama ta sami Sallau yana ban-ruwa, ta sa ya kira Tanimu a waya, ta faɗa musu komai tana kuka. Da ba ta faɗa ba, babu wanda zai sani sai wari ya faɗa.

Kwana biyu Tanimu ya sauka a garin, ba salla ba biki. Tabawa na ganinsa ta gane. Ta dubi Hansai sau ɗaya, daga ranar kuwa duk kwanon da Hansai ta aiko yadda ya zo haka yake komawa.

Tanimu ya kwana uku yana lallashi. A asibitinsu an kawo wata na'ura da ke duba nono da haske, ya sha tura mata zuwa ɗakin da take. Ya yi bayani har bakinsa ya bushe, tsohuwa ta ce ba ta san zance ba. Rana ta uku da hantsi ya ja ƙyauren ɗakin ya rufe, ya kunna tocila ya danna ta a tafin hannunsa, yatsunsa suka yi ja jawur.

Ya ce, “Inna, kin gani? Haske ya ratsa nama ya fito. Ya yanke ni?”

Ta karɓi tocilar ta danna a nata hannun, ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Ka rantse babu allura, babu aska.”

Ya rantse. Shi kuwa ya fi kowa sanin abin da ke biyo bayan hasken, don shi ke tura matan daga wannan ɗaki zuwa na gaba.

Suka tafi asibitin. Likitar mace ce daga kudu, Hausarta ba ta wuce “sannu” ba, don haka Tanimu ya tsaya bayan labule yana tafinta, tunda ba zai ga jikin uwarsa ba. Aka sa wa Tabawa baƙin tabarau saboda hasken, aka ɗora mata kan na'urar a ƙirji ana zagayawa. Yadda aka yi mini bayani, daji yana jawo jini ya tara wa kansa, jini kuma yana shanye hasken, sai wurin ya fito daban a gilashin na'urar. Ya kuwa fito, baƙi ƙirin a gefen hagu. Likita ta ce haske ya nuna akwai abu, amma ba zai iya faɗin sunansa ba, sai an sa allura an ɗebo ɗan nama an auna. Ta ce ya tambayi uwarsa ko ta yarda.

Tanimu ya matso jikin labule. Sannan ya ce, “Inna, ta ce za a ƙara haskawa, amma wannan hasken yana ɗan cizo kamar cinnaka. Kin yarda?”

Ta ce, “Na yarda, auta, tunda kai ka faɗa.” Ta gyaɗa kai, likita ta gani.

Idonta a rufe aka yi abin da za a yi. Filastar da aka manna mata ma ya ce don kada iska ta shiga inda haske ya bi ne. Ta koma gida tana ba maƙwabta labari, wai autanta ya samo mata maganin da babu ƙarfe a ciki, Allah ya yi masa albarka. Duk albarkar da ta sa masa sai ya ji kamar ya nutse a ƙasa. Amma da bai yi ƙaryar nan ba, da ba ta taka asibiti ba, da kuma ba a san sunan cutar ba balle a san inda za a tare ta.

Bayan mako biyu sakamako ya fito. Daji ne, amma bai kai hanta ko huhu ba tukuna, in an cire shi cikin watan akwai rabon kwana. A nan dabarar Tanimu ta ƙare, don ba a kai mutum ɗakin tiyata da labarin tocila. Shi da Hansai suka je wurin yayansu suka faɗa masa komai.

Sallau mutum ne da ba ya haɗa jimla uku a yini. Ya wanke ƙafarsa, ya shiga ɗakin uwarsa, ya zauna a kan tabarmar da take kai, abin da bai taɓa yi ba a shekara arba'in da huɗu. Tabawa ta kau da kai ta dubi bango. Ya faɗa mata komai, bai rage ba bai sassauta ba, da sunan cutar, da abin da likita ta ce, da abin da aka yi mata tana sanye da tabarau. Ya ce, “Ƙarfe ya riga ya taɓa ki, yau kwana goma sha tara, ga ki kina numfashi.”

Ba ta juyo ba. Can ta tambayi bangon, “Auta ne ya yi mini haka?”

Ya ce, “Shi ne. Ni kuma zan ƙarasa.”

Ta ce, “Tunda kun riga kun kashe ni, ku kai gawar inda kuka ga dama.”

A asibiti ma Sallau bai ɓoye ba, ya sa aka faɗa wa likita yadda ƙanensa ya juya tafinta. Ran likitar ya ɓaci ƙwarai, aka dakatar da Tanimu daga aiki, aka nemo nas Bahaushiya ta zauna gaban Tabawa ta yi mata bayani dalla-dalla. Sau uku ana tambayar ta ko ta yarda, sau uku tana cewa, “Ni ba ni da ta cewa. Ku tambayi wancan, abin da ya ce shi ke nan.” Aka miƙo mata takarda ta naɗe hannuwanta cikin zane. Sallau ne ya dangwala yatsa.

Ranar aikin shi kaɗai ne a baranda, don tsohuwar ta ce kada ta ga Hansai, Tanimu kuwa an hana shi shiga. Kafin likitoci su fara sun yi mata allurar wani ruwa mai bin sawun cutar, wanda in an haska shi da fitilarsu sai ya yi ƙyalli a gilashi, likita ta ga inda za ta yanka da inda za ta bari. Niyyarsu ƙullutun kawai za a ɗauke a bar mata nononta. Da aka buɗe aka haska, sai ga ƙyalli ya zarce inda hannu yake ji, ya yi reshe ta ko'ina, har cikin kaluluwar hammata. Nas ta fito da sauri ta ce wa Sallau ko dai a cire nonon gaba ɗaya, ko a ɗinke a bar sauran cutar a ciki, kuma yanzu ake son amsa. Ya tuna wadda ta ce a binne ta da jikinta cikakke. Ba mai ba shi shawara, ba wanda zai raba nauyin da shi. Ya ce, “A cire.” Nas ta miƙo masa takarda, ya sake dangwala yatsa. Da bai faɗi kalmar nan ba, da duk wahalar ƙannensa ta tashi a banza.

Abin da ya biyo baya ba na son in tsawaita. Wata shida ana yi mata ƙarin ruwan magani, gashinta ya zube, farcenta ya yi baƙi, ko kunu ta sha sai ya dawo. Matar Sallau ce ta yi jinyar, don tsohuwar ba ta yarda ɗaya daga cikin ukun ya miƙa mata ko ruwa ba. Ta farka ta shafa ƙirjinta ta ji wayam, ba ta yi kuka a gaban kowa ba, amma surukar ta ce ta sha samun matashinta a jiƙe. Sannu a hankali gashi ya tsiro, ƙafa ta yi ƙarfi. Shekara ɗaya da rabi bayan aikin aka sake duba ta ciki da waje, ba a ga komai ba. Tabawa ta koma kan tukunyar kalwarta, mata suna ta zuwa barka, tana amsawa da kai.

Wata ranar Laraba ta aika aka kira 'ya'yan nan uku, da liman, da ƙanenta Kawu Barau. Ta zauna bakin ƙofa da tsumma cushe a inda nonon yake. Ta ce, “Na san kuna cewa kun cece ni. Ni ban roƙi kowa rai ba. Abu ɗaya na roƙa a duniya, kuka haɗu kuka hana ni. Yanzu in na mutu mai wankana za ta ga rabin mace, sauran kuma ban san ramin da aka jefa shi ba.”

Liman ya yi mata nasiha mai tsawo, ya ce yaran nan alheri suka nufa, kuma uwa tana iya janye bakinta duk ranar da ta so. Kawu Barau ya cire hularsa ya roƙe ta. Ta saurare su har suka gama.

Ta ce, “Malam, na san ina iyawa. Shekara guda ina neman yafiyar nan a zuciyata, abin da na samu bai kai na mutum uku ba. Ba zan zubar da su duka ba, dole wani ya binne ni. Amma maganar da na yi ranar sadakar Dela ba za ta faɗi ƙasa ba, sai ta sauka a kan ɗaya. Su fitar mini da wanda ya yi sanadi. Biyu na yafe musu har abada. Shi kuwa kada ya ƙara taka gidan nan, kada ya gaishe ni a hanya, kada ya tsaya a kan gawata. Na ba su kwana bakwai.”

Na ga bakinka yana motsi, Ɗanjuma. Za ka ce tsohuwar ba ta kyauta ba, ta yafe musu duka a huta. An faɗa mata, waɗanda suka fi ka furfura sun faɗa mata, ba ta ji ba. Ba shari'arta na kawo muku ba, ta 'ya'yan ce. Kuma in kuna zaton kowa zai tura wa ɗan'uwansa, ba ku san 'ya'yan Tabawa ba.

Hansai ta ce ita ce. Ita kaɗai aka ba amana, ita ta ci. Da ta kama bakinta, da Tanimu yana can yana tura gadonsa, Sallau yana ban-ruwansa, babu wanda zai yi ƙarya ko ya taɓa tawada. A lokacin tana da ciki wata bakwai, na fari bayan shekara tara tana nema, kuma ta san in ta ɗauki bakin nan babu uwar da za ta dafa mata ruwan jego, jaririn ma kakarsa ba za ta taɓa ɗaukar sa ba.

Tanimu ya ce yayarsa magana kawai ta yi, magana kuma ba ta huda fata. Ƙarfen farko da ya shiga jikin Inna da harshensa ya shiga, bayan ya rantse mata, tana kiran sa auta tana sa masa albarka. Ya ce yayansa ma bai sami ƙofar shiga ba sai da ya ce mata ƙarfe ya riga ya taɓa ta, to wa ya buɗe ƙofar? Shi dai aikinsa ya tafi, an kuma sa masa rana da wata yarinya a garin, kuma ubanta ya riga ya aiko cewa ba zai ba da 'yarsa ga mai bakin uwa a ka ba.

Sallau bai yi dogon bayani ba. Ya ce ramin allura ya warke cikin kwana uku, abin da Inna take kuka da shi nononta ne, kuma yatsan da ya ce a cire shi ga shi nan a hannunsa. Ƙannensa a ɓoye suka yi nasu suna tsoro, shi ido da ido ya yi, ya san abin da yake saye. In ya ɗauka, zai kwashe mata da 'ya'ya biyar ya bar gidan ubansa da fadamar da ya gada, ya bar tsohuwar da babu mai kawo mata hatsi sai shi. Zai kuma mutu bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, ko da a cikin yafiya.

Kwana shida suna wannan ja-in-ja, babu wanda ya saki. Rana ta bakwai da safe Kawu Barau ya zo ya tarar da su a zaure su uku, kowa da ƙullin kayansa a gabansa, tsohuwar kuma tana ciki a bakin ƙofarta tana jiran a shigo mata da biyu.

Ku auna da kyau kafin ku yi magana, don duk wanda kuka ce shi ya fi ceton ranta, shi kuka kora daga gabanta har kabari. Mai cin amana, ko mai rantsuwar ƙarya, ko mai dangwala yatsa: wanne ne a cikinsu zai ɗauki ƙullinsa ya fita?